Filin Tambayi Kawu: Karate, dambe da kokawa, wanne ke aiki ranar da faɗa ya zama na gaske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, ya iyali ya aiki. Ni ɗalibi ne a nan Katsina, wajen Ƙofar Marusa nike zaune, shekara uku kenan ina koyon karate har na kai ɗamara mai ruwan ƙasa. To a watan da ya wuce bayan isha'i ina dawowa daga wajen mai caji wasu yara su uku suka tare ni a lungu, ɗaya ya fiddo wuƙa, wallahi Kawu ko hannu ban iya ɗagawa ba, ƙafafuna suka yi sanyi na miƙa wayar suka wuce. Tun ranar abokaina ke mani dariya wai ina karaten yake, wai dama abin fim ne, da dambe na koya da ba haka ba. Yanzu ko tirenin ɗin bana son zuwa. Dan Allah ka faɗa mani gaskiya, irin wannan wasan yana amfani in faɗa ya zo da gaske ko lokacina na ɓata?
Daga wani ɗalibi, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Alhamdulillahi da ka tsira da ranka da lafiyarka, Allah ya mayar maka da mafi alherinta. Bari in fara da abinda yafi damunka, miƙa wayar nan da kayi shine daidai, da ni ne a wurin haka zan yi, da kocinka ne in dai mai hankali ne shima haka zai yi. Mutum uku, ga wuƙa, ga lungu, ga dare, babu ɗamarar da ta isa wannan wurin ko baƙa ce. Mu da ke Katsina mun san kauraye, mun san yara nawa aka kai makwanci kan wayar da bata kai kuɗin buhun masara biyu ba. Na san wani a majalisarku zai kawo maka hadisin cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, hadisi ne ingantacce ba gardama, amma ni dai ban taɓa jin malamin da yace wajibi ne ka tsaya a caka maka wuƙa kan waya ba, ka tambayi malamin unguwarku kaji.

Sanyin da ƙafafunka suka yi kuma kada ka ɗauke shi ragwanta. Idan mutum ya ga mutuwa kusa jikinsa na sakin wani sinadari da likitoci ke kira adirenalin, zuciya ta hau bugawa kamar zata fito, hannu na rawa, baki ya bushe, ido ya kafe kan wuƙar kaɗai ka daina ganin gefe da gefe, duk wani motsi mai buƙatar natsuwa ya gagara. Wani ya ruga, wani ya afka, wani kuma ya sandare wuri ɗaya kamar yadda kayi. Har sojoji da 'yan sanda hakan na samunsu a karon farko, shi yasa ake ta maimaita masu atisaye cikin hayaniya da matsi har jiki ya saba.

To yanzu ga ainihin tambayarka, kuma zan amsa ta da wata tambayar. A cikin shekara ukun nan sau nawa aka haɗa ka da mutumin da yake son ya buge ka da gaske, wanda baka san ta ina zai kawo maka ba, in ka kai masa naushi ya goce, in ka riƙe shi ya fizge? Domin akwai wuraren koyo da yawa da abinda ake yi kullum shine a jera layi ana naushin iska ana kirgawa da Japananci, a yi kata, wato wancan jerin motsin da ake haddacewa, sai a haɗa ku biyu-biyu abokinka ya miƙo hannu ya bar shi a miƙe yana jira ka murɗe shi ka kayar. Wannan yana gyara tsayuwa, yana ƙara ƙarfin ƙafa da numfashi, ban raina shi ba ko kaɗan. Amma kamar koyon iyo ne a kan tabarma, duk iya kaɗa hannunka ranar da aka jefa ka dam ɗin Ajiwa lissafi zai canza. Wanda zai dake ka a titi baya barin hannunsa a miƙe, baya kawo naushi ɗaya ya tsaya, yana zuwa ne a guje yana zagi yana cakumar riga.

Su kansu masu abin sun gano haka tun da daɗewa. A 1882 wani malamin makaranta a Tokiyo mai suna Jigoro Kano, sunansa kenan ba ruwansa da Kanon Dabo, ya kafa judo daga tsofaffin dabarun faɗa na Japan. Abinda yayi shine ya ware dabarun da basa gwaduwa a jikin abokin karatu, irinsu tsokale ido da sauransu, ya bar waɗanda za a iya yi da dukkan ƙarfi kullum ba tare da an nakasa kowa ba, ya sa ɗalibansa suna kokawa da juna da gaske, suna kiran wannan randori. Kaga dabarar da ka gwada sau dubu a kan mai turjewa tafi wadda ake ce maka tana kisa amma baka taɓa gwada ta a kan kowa ba.

A Nuwamban 1993 a birnin Denba na Amurka aka yi gasar UFC ta farko, wato gasar faɗa da ake haɗa salo daban-daban, aka tara ɗan boksin da ɗan sumo da masu hauri da sauransu kusan ba ƙa'ida, a ga wa zai ci. Wani siririn ɗan Barazil mai suna Royce Gracie, nauyinsa wajen kilo 80, shi ya cinye, yana kai su ƙasa yana shaƙe su har su buga ƙasa su sallama, kuma abinda yake yi asalinsa daga judon nan ya fito. Sannan a 2017 a birnin Chengdu na ƙasar Sin wani mai horar da 'yan MMA, wato faɗan da ke haɗa naushi da hauri da kokawa, mai suna Xu Xiaodong, ya kara da wani malamin taici, wani salon faɗan gargajiya na Sin, mai suna Wei Lei wanda har a talabijin an nuna shi a matsayin gwani, ba a cika rabin minti ba malamin na ƙasa ana dukansa. Bidiyon na nan, kuma ni tausayi ya bani, domin da ganinsa kasan mutum ne da ya yarda da abinda yake koyarwa, kawai dai bai taɓa shan naushi a fuska ba sai ranar.

Amma kada abokanka suce kaga ai mun faɗa. Lyoto Machida ɗan karate ne tun yana yaro, mahaifinsa malamin karate ne, kuma a 2009 ya ɗauki kambun UFC da irin tsayuwar nan taku da shiga da fita. Namu Kamaru Usman ɗan Auchi da ya riƙe kambu tun 2019, a watan Agustan 2022 yana kan gaba a maki saura kamar minti ɗaya a tashi Leon Edwards ya kai masa hauri ɗaya a kai ya faɗi sumamme. Hauri na aiki, naushin karate na aiki, a jikin wanda ya saba jefa su a kan mai ramawa.

Don haka kada ka bari. Shekara ukun nan sun baka ƙafa da numfashi da ladabin zuwa fili kullum wanda masu maka dariya basu da shi. Ka samu kocinka ka gaya masa abinda ya faru kamar yadda ka gaya mani, ka roƙe shi a riƙa sifarin, wato karawa ta gaske da safar hannu da robar haƙori, ko sau ɗaya a sati, da ƙarfi daidai gwargwado ba na fasa kai ba. In yace a'a dabarunsa sun fi ƙarfin a gwada su, to ka nemi inda ake judo ko boksin ko kokawa ka haɗa. Kuma ka canza hanya, ka daina bin lungun nan da dare da waya a hannu, ka zagaya ta titi ko da ya fi nisa.

TAMBAYA: Kawu barka da war haka. Ni bahago ne ina ɗan taɓa dambe, gado ne ma domin gidanmu mahauta ne a Daura. Musu muke kullum a majalisa, in aka haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa ba alƙali ba kalangu wa zai kashe wani? Ni nace ɗan dambe, naushi ɗaya ya isa. Raba mana gardama.
Daga wani bahago, Daura

AMSA: Barka kadai ƙanena, Allah ya kare hannu. Tambayarka ta yi mani daɗi domin ita ke nuna cewa kalmar gargajiya ba ita ce matsalar ba, dambe da kokawa ai sun fi karate tsufa a ƙasar nan nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya taɓa cewa ɗan dambe naushin iska yake. Tun ranar da yaro ya fara ɗaure hannu aka sa masa zare da sa'ansa ya san ɗanɗanon naushi, ya san jiri, ya san yadda ake tsayawa gaban mutum ana kallon kallo ga kiɗa ga jama'a na ihu ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. Wannan sabon shine abinda ɗalibin da ya rubuto a sama ya rasa, kuma ba a saye shi a kasuwa. Ɗan dambe ya san tazara, ya san lokacin da kafaɗar abokin karawa ta motsa, in faɗan mutum ɗaya ne da wanda bai iya komai ba to wallahi abin ba zai daɗe ba.

Sai dai ka duba abubuwan da fage ke baka waɗanda titi baya bayarwa. Hannun da ka ɗaure da kara da zare ya zama kamar dutse kuma a kare yake, in ka kai irin wannan naushin da hannu tsirara ya sauka a goshi ko ƙeyar mutum ƙashin bayan ƙaramin yatsanka ne zai fara karyewa, likitocin ƙashi sun san wannan karayar sosai har sunan 'yan boksin suka sa mata. Ka saba hannu ɗaya ke duka ɗaya na garkuwa. Ka saba turmi uku ne da hutu a tsakani. Ka saba in an rungumi juna alƙali zai shiga ya raba, in mutum ya kai ƙasa an yi kisa shikenan kowa ya koma wajen mutanensa. To duk wannan babu shi a tasha ko bakin kasuwa, can in an rungume ka ba mai rabawa, kuma nan ne gidan ɗan kokawa.

Ni kokawa na tashi da ita, lokacin kaka bayan an kai amfani gida a dandali kan yashi da farin wata, daga baya na yi judo na wasu shekaru, don haka ka sani ina da ɓangare, amma ga hujjata. Faɗan mutum biyu da wuya ya wuce daƙiƙa kaɗan ba a cakumi juna ba, kuma da an cakuma wanda ya saba ɗaukar ƙato mai turjewa ya juya shi shi ke da iko, shi zai zaɓa a tsaye za a yi ko a ƙasa. Ka leƙa maƙwabtanmu Nijar, nan da Maraɗi ko Damagaram ba nisa, tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa da ake ba zakara takobi, ka kalli irinsu Issaka Issaka na Doso da ya ɗauki takobin sau da dama, ka gaya mani wane naushi ne zai hana irin wannan mutumin kama ƙugunka in har na farko bai kwantar da shi ba. Kamaru Usman da kokawa ya fara a makaranta a Amurka, Khabib ɗan Dagestan ta ƙasar Rasha ya yi wasan MMA 29 ba a taɓa cinsa ba har ya ajiye a 2020, shima kayarwa da dannewa ne makaminsa. Kokawa kuma abu ce mai asali, a littattafan hadisi an ruwaito Manzon Allah SAW ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Don haka hukuncina, ɗan dambe na da dama ɗaya ko biyu kafin a riƙe shi, in ya dace to ya gama, in ya kuskure ɗan kokawa ne da nasara, kuma a ganina kuskurewar tafi yawa.

Amma akwai abinda nake so ku tattauna a majalisar taku wanda ya fi wannan. Shekarun baya a wata tasha ina tsaye ina jiran mota ta cika, gardamar canji ta haɗa wasu samari biyu, ɗaya ya sunkuci ɗaya ya maka da ƙasa, kaye mai kyau wanda da a dandali ne sai a yi ta guɗa. Ƙeyarsa ta sauka a bakin kwalbati. Har yau ina jin ƙarar a kunnena. Yaron bai ƙara tashi ba, shi kuma wanda ya kayar ɗin ya zauna a wurin yana kuka yana cewa shi ba kashe shi ya yi niyya ba, aka tafi da shi. Yashin fage shi ke sa kaye ya zama wasa, a kan kwalta da siminti faɗuwar ce ke kisa fiye da naushin, kuma doka ta yarda ka kare kanka ne daidai da barazanar da ke gabanka, in ka wuce nan kai ne a gaban alƙali. Kai da ke da hannu irin naka sai ka fi kowa kiyaye inda zaka sauke shi.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ɗiyata ce 'yar shekara 14 ta dame ni wai in barta ta shiga taikwando a makarantarsu, tace don ta iya kare kanta. Babanta yace in na yarda ya yarda. Anya yana da amfani ga ɗiya mace?
Daga wata uwa, Daura

AMSA: Hajiya ki barta, da sharaɗi. Ki je da kanki ki ga wurin, ki ga waye ke koyarwa, in da hali mace ce ko kuma 'yan mata a ware kuma ƙofa a buɗe, kayan wasan dama dogon wando ne da riga mai dogon hannu kuma ana yi da ɗankwali ko ƙaramin hijabi har a manyan gasanni. Wasa ne na gaske da ake zuwa Olamfik da shi, Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Bejin a 2008, Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ya ciyo azurfa a Riyo a 2016. Zata samu lafiya da ƙarfin ƙafa da tsayuwa da gaba gaɗi, kuma masu neman yarinyar da zasu cuta sun fi son wadda suka ga alamar tsoro a tafiyarta.

Abinda bana so shine a sa mata a kai cewa zata iya tsayawa ta doke namiji babba. Ba banza ba duk wasannin nan ake raba mutane aji-aji bisa nauyi, bambancin kilo 20 ko 30 babban abu ne ko tsakanin gwanaye. Abinda zai cece ta shine ta iya fizge hannunta in an riƙe, ta buga inda zai sa a sake ta, ta kwarma ihu ba kunya, ta ruga inda mutane suke. Kuma Hajiya yawancin masu cutar da 'yan mata ba baƙi bane a lungu, sanannu ne da ke shigowa da fara'a, wannan kuwa ba hauri ke maganinsa ba, ki zama uwar da zata iya gaya wa komai ba tare da tsoron duka ko faɗa ba.

TAMBAYA: Kawu ina kallon bidiyoyi a TikTok da YouTube na yadda ake ƙwace wuƙa a hannun ɗan ta'adda, na haddace kusan biyar. Kuma wani abokina yace zai kai ni a bani maganin ƙarfe in haɗa. Mi ka gani?
Daga wani matashi, Ƙofar Ƙaura

AMSA: Ɗana dan girman Allah kada ka gwada ko ɗaya a kan wuƙar gaske. Maganar maganin ƙarfe, wasan 'yan tauri a gaban jama'a daban, wuƙar da yaro ɗan ƙwaya ya wasa ya soko da ita daban, ka tambayi duk wani ma'aikacin jinya da ke kwana a sashen gaggawa ko ya taɓa ɗinke mutum da guru da layu a ƙugunsa. Su kuma bidiyoyin ka lura da kyau, mai wuƙar sau ɗaya yake sokowa a hankali ya tsaya, na gaske kuwa hannu ɗaya ya riƙe rigarka ɗayan na shiga da fita sau biyar sau shida kafin ka san an fara, da yawa ma sai sun ga jini suke sanin an soke su, suna zaton naushi ne. Tun a 1983 wani ɗan sandan Amurka mai horarwa, Dennis Tueller, ya auna ya ga mai wuƙa na iya cin tazarar kusan mita 6 da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato kafin mai bindiga ma ya zaro ta ya saita an iso shi, balle kai da hannu. In wuƙa ta sami babbar jijiyar cinya ko ta wuya mintuna kaɗan ne, don haka in da abinda zaka haddace to ka haddace yadda ake danne rauni da tsumma da dukkan ƙarfi ba ɗagawa har a kai asibiti.

Ga gwajin da zaka yi da kanka gobe. Ka sa tsohuwar farar riga, ka ba ƙaninka maka mai jan tawada a matsayin wuƙa, kace masa ya yi ta zana maka ita da iya saurinsa na daƙiƙa 20 kada ya tausaya maka, kai kuma ka gwada dabarun nan biyar da ka haddace ɗaya bayan ɗaya. In kun gama ka cire rigar ka ƙirga jan layin da ke ciki da ƙirji da hannuwa, sannan ka ɗauki hotonta ka aiko mani tare da adadin, zan sa a wannan filin a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.